La'adar Dillalin Intanet da Idon Mai Haraji

(Kiɗan buɗe shiri)



Yau Birtaniya shirin zai kai mu. Za mu duba halin mutumin da ya buɗe durowa ya ga tufafin da ya daina sawa, ko takalman da suka yi wa yara kaɗan, ya ɗauki hotonsu da waya, ya ɗora a manhaja, ya sayar. Nawa ake yankar masa? Wa ke yanka? Yaushe kuma gwamnati ke da rabo a cikin kuɗin? Na zaɓi Birtaniya ne don can ƙurar wannan batu ta fi tashi, can kuma muke da 'ya'ya da ƙanne masu karatu da masu aikin asibiti, waɗanda da yawansu ke taɓa wannan ɗan saye da sayarwa. Daga ƙarshe za mu leƙo gida.

A farkon watan Janairun 2024 wani labari ya karaɗe wayoyin mutane a Birtaniya, cewa gwamnati ta ƙaƙaba sabon haraji a kan duk mai sayar da tsofaffin kayansa a intanet. Jaridu suka yi ta yayatawa, hankali ya tashi, wasu har suka fara sauke kayan da suka ɗora. Sai da hukumar harajin ƙasar, wadda ake kira HMRC, ta fito ta ce babu wani sabon haraji. Gaskiya ta faɗa, amma fa akwai abin da ya canja. Kafin mu kai gare shi bari mu fara da la'ada, tun da ita ake cirewa tun kuɗin bai iso hannu ba.

Kowa ya san dillaliya, mai shiga gida gida da ƙunshin kaya. Matar aure ta ba ta zanin da ta gaji da shi, ko kwanukan da suka rage cikin kayan ɗaki, ta kai wani gidan ta sayar, ta cire la'adarta, ta kawo saura. Aikin da eBay da Vinted da Depop ke yi ke nan. Su ba su da kaya. Haɗa mai sayarwa da mai saye suke yi, kuɗin ya bi ta hannunsu, su ci nasu.

eBay shi ne dattijo a cikinsu, tun 1995 aka kafa shi a Amurka. Shekara da shekaru tsarinsa ɗaya ne: mai kaya ke biyan la'ada. Kafin sauyin da zan faɗa, mai sayar da kayansa na gida a Birtaniya yana biyan kashi 12.8 cikin 100 na cinikin, da ƙarin kwabo 30 a kan kowane ciniki. A ce ka sayar da takalmi fam 40. La'adar kaɗai fam 5 ce da kwabo 42. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne har kuɗin aike da mai saye ya biya ana lissafawa a yanki la'ada a kansa, alhali kai ba ka ci ko kwabo a ciki ba, gidan waya ka kai.

Sai ga wani yaro ɗan baya ya taso. Vinted, a shekarar 2008 aka kafa shi a Vilnius, babban birnin ƙasar Lituweniya. A 2016, lokacin da kamfanin ke tangal-tangal, ya juya tsarinsa: mai sayarwa ba zai biya komai ba, mai saye ne zai biya wani kuɗi da suka sa wa suna kuɗin kare mai saye. Dabarar ta ci. Mutumin da rigarsa fam 5 za ta yi, ba zai wahalar da kansa ya ɗora ta inda za a yanke masa kusan fam guda ba, amma in aka ce kyauta ne, sai ya kwaso duk abin da ke ƙarƙashin gado. Kaya suka cika dandalin, masu saye suka biyo kaya.

Da sauran suka ga kasuwa na zamewa, sai suka bi sahu. Depop ya janye la'adarsa ta kashi 10 cikin 100 a Birtaniya a watan Maris na 2024, ya ɗora wa mai saye nasa kuɗin. eBay ya fara da tufafi a watan Afrilu, sannan ranar 1 ga Oktoba 2024 ya yafe la'ada ga masu sayar da kayansu na gida a kusan kowane irin kaya, ban da motoci da babura. Aka yi ta murna. Ba a daɗe ba, a watan Fabrairun 2025, shi ma ya fito da nasa kuɗin kare mai saye: kwabo 75, da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na farashi. Daga baya an sake taɓa alƙaluman, don haka mai son ciniki ya duba abin da ke rubuce ranar da zai yi.

To mu koma kan takalmin nan na fam 40. A tsarin Fabrairun 2025, kai mai kaya ka rubuta 40, shi kuwa mai saye 42 da kwabo 35 zai gani. Ka ce to ai ni na huta. Anya kuwa? Mai saye ba ruwansa da yadda aka kasa kuɗin. Abin da zai fita daga aljihunsa yake dubawa. In fam 40 ya ware, taya ka zai yi har jimlar ta sauko 40, kai kuma ko ka ce albarka ka zauna da takalminka, ko ka sallama a kan 37 da wani abu. La'adar ta ragu, wannan gaskiya ne, amma ba ta mutu ba, kujera ta canja. Hausawa dai sun gama magana da suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin ya fi ciwo a kan ƙananan kaya. A Vinted, kuɗin kare mai saye kan kama kusan kashi 5 cikin 100 da ƙarin kwabo 70. Rigar yaro ta fam 5 ke nan ta hau da kwabo 95, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta, ga kuɗin aike a gefe. Shi ya sa gogaggun masu sayarwa ke haɗa rigunan yara shida ko takwas su sayar a ƙunshi ɗaya, don tsayayyen kuɗin nan sau ɗaya za a biya shi, aike ma sau ɗaya.

Akwai kuma la'adar da ba a kira ta da sunanta. Kayanka na cikin dubban irinsa, in kana son a gan su a sama sai ka biya kuɗin talla. Sau da yawa kuɗin cinikinka ba ya shigowa nan take, ana riƙe shi sai kaya sun isa. Depop, duk da yafe la'ada, ya ci gaba da cire kuɗin sarrafa biya daga hannun mai sayarwa. Etsy kuwa, wanda ya fi ƙarfi a kayan aikin hannu, yana karɓar santi 20 na dalar Amurka a kan kowane kaya da ka ɗora, ko an saya ko ba a saya ba, da kashi 6.5 cikin 100 idan an saya.

Wata 'yar magana a gefe, ga 'yan gwanjonmu na Ƙofar Wambai a Kano da na Kantamanto a Accra. Birtaniya na cikin manyan ƙasashen da dilolin gwanjo ke fitowa daga cikinsu. A da, rigar da Baturiya ta gaji da ita shagon sadaka take kaiwa, abin da shagon bai sayar ba a ɗaure shi a dila a turo mana. Yanzu mai kyawun tana tsayawa a wayarta ta zama fam 15. Ni dai ina ganin ba za a raba wannan da kukan da masu fasa dila ke yi na lalacewar kaya ba, ko da yake yawaitar tufafin banza masu arha shi ma yana da nasa kason.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne kan sayar da kayan da aka yi amfani da su a kasuwannin intanet na Birtaniya. Mun gama da la'ada, mun iso ga haraji.

Inda dillaliya ta sha bamban da manhaja shi ne rufin asiri. Dillaliya ba ta faɗin kayan wa ta ɗauko. Manhaja kuwa rubutawa take yi, kuma tun daga 1 ga Janairu 2024 doka ta wajabta mata ta miƙa wa hukumar haraji abin da ta rubuta, sau ɗaya a shekara. Rahoton farko an ba su wa'adin 31 ga Janairu 2025. Ba Birtaniya ce ta ƙirƙiro tsarin ba, ƙungiyar OECD ce ta tsara shi, ƙasashen Tarayyar Turai ma sun riga ta farawa da shekara guda.

Ba kowa ake kai sunansa ba. Ga mai sayar da kaya, sai ya yi ciniki 30 ko fiye a shekara, ko kuɗin da ya samu ya haura yuro 2,000, wato kusan fam 1,700. Ɗaya daga cikin biyun ya wadatar. In ka kai, manhajar za ta nemi cikakken sunanka, da adireshi, da ranar haihuwa, da lambarka ta inshorar ƙasa, ta haɗa da jimlar abin da ka samu ta tura, kai ma ta ba ka kwafi. Wanda ya ƙi ba da bayanan, suna iya riƙe masa kuɗi ko su rufe masa shafi.

A nan mutane suka ruɗe. Kai sunanka daban, bin ka haraji daban. Uwar da 'ya'yanta uku suka girma ta sayar da rigunansu 60 a kan fam 3 kowace, sunanta zai je hukuma, amma ko kwabo ba a bin ta. Ta saye su da tsada, ta sayar da arha, ina ribar? Haka wanda zai bar gari ya sayar da gado da firji da talabijin har fam 2,500. Kayan gidansa ya rage. Lambar 30 ɗin nan ba iyakar haraji ba ce, umarni ne aka bai wa kamfani kan wanda zai rubuta.

Tambayar da mai haraji ke yi guda ce, kuma ta girmi intanet nesa ba kusa ba: rage kayanka kake yi, ko kasuwanci kake yi? Don me abin ya shigo hannunka tun farko?

Akwai wata tsohuwar shari'a da ɗaliban haraji a Birtaniya ke karantawa har gobe, shari'ar wani mutum mai suna Rutledge, wadda kotun Sikotilan ta yanke a 1929. Ya je Balin ta Jamus kan wata harka tasa daban, sai ya ci karo da takardar banɗaki a farashin banza. Ya sayi naɗi miliyan guda a kan fam 1,000, ya sayar wa mutum ɗaya gaba ɗaya, ya ci ribar sama da fam 10,000. Da mai haraji ya zo, sai ya ce shi ba ɗan kasuwar takarda ba ne, sau ɗaya ya yi. Kotu ta ce a'a. Babu mahaluƙin da zai sayi naɗi miliyan don amfanin gidansa, yanayin kayan da yawansu sun nuna don sayarwa aka saye su. Ciniki ɗaya tak, amma kasuwanci ne, sai ya biya.

Ku ajiye wannan kusa da uwar nan mai riguna 60. Ita ciniki 60, ba haraji. Shi ciniki ɗaya, da haraji.

Daga irin waɗannan shari'o'i aka tattara alamomin da ake gane kasuwanci da su. Wani kwamiti ya jera shida a 1955, hukumar haraji yanzu tara take aiki da su, kuma ba sai na karanto muku su duka ba, don duk ɗan kasuwa ya san su ko bai taɓa jin sunansu ba. Ka saya da niyyar riba? Kana maimaita irin cinikin a kai a kai? Kaya ba sa kwana biyu a hannunka? Kana gyara su ko sake musu kwali don su yi daraja? Bashi ka ci ka saro su? Kyauta aka ba ka ko gado ka ci, ko kuwa nema ka fita? Ba alama ɗaya ake kamawa a yanke hukunci ba, duka ake haɗawa a duba.

Inda aka fi zamewa shi ne a tsakiya. Mutum ya fara da kayan ɗakinsa, ya ji daɗin shigowar kuɗi. Durowa ta ƙare. Ranar Lahadi da sassafe ya tafi irin kasuwar nan da Turawa ke ci a fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baje tarkace. Ya ga jaket fam 4, ya san a manhaja za ta yi 25. Ya saya, ya wanke, ya goge, ya rataye ta a bayan ƙofa inda haske ke faɗowa, ya ɗauki hoto. Daga wannan jaket ɗin ya zama ɗan kasuwa, ko da shi a ransa yana ganin nishaɗi yake yi. Shafin bai canja ba, sunan bai canja ba, amma hukuncin ya canja.

Ko da ka zama ɗan kasuwa, an bar maka ƙofa. Tun watan Afrilun 2017 akwai rangwamen fam 1,000 a shekara ga ƙananan sana'o'in gefe. In duk abin da ka samu bai wuce haka ba, galibi ba sai ka sanar da kowa ba. Amma ku saurari wannan da kyau, don nan mutane ke faɗawa rami: fam 1,000 ɗin jimlar ciniki ce, ba riba ba. Ka saro kaya na fam 900 ka sayar 1,100, ribarka 200 ce kacal, amma ka haye layin. Kuma ba kowace manhaja ke da nata dubun ba. Abin da ka samu a eBay, da na Vinted, da kuɗin kitso ko ɗinkin da kike yi ranar Asabar, duk tukunya ɗaya ake zuba su.

Wanda ya haye sai ya yi rajista ya riƙa cike takardar bayyana kuɗin shigarsa. Shekarar haraji a Birtaniya daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba. Rajista zuwa 5 ga Oktoba bayan ƙarewar shekarar, cike takarda ta intanet da biya zuwa 31 ga Janairu. Latti ko na kwana ɗaya ne tarar fam 100. Ku lura da wani abu: rahoton da manhaja ke ba ka daga Janairu zuwa Disamba yake lissafi, shekarar haraji kuwa daga Afrilu zuwa Afrilu, don haka ba za ka kwafe jimlar ka liƙa ba, sai ka zauna ka rarrabe watannin da kanka. A watan Maris na 2025 gwamnati ta yi alkawarin ɗaga iyakar cike wannan doguwar takarda zuwa fam 3,000, amma sauƙin cike takarda ne kawai, rangwamen harajin yana nan a fam 1,000.

Bari mu yi lissafi. A ce ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, tana da albashinta, tana kuma saro jakunkuna tana sayarwa. Cinikin shekara fam 2,600. Sari ya ci 900, leda da aike da talla sun ci 300. Zaɓi biyu gare ta. Ko ta cire rangwamen 1,000, a yi mata haraji a kan 1,600, ko ta cire ainihin abin da ta kashe, wato 1,200, a yi mata a kan 1,400. Ba a haɗa biyun. Na biyun ya fi mata, amma fa sai da rasit. In albashinta ya riga ya cinye fam 12,570 ɗin da ba a yi wa haraji, kuma tana matakin kashi 20 cikin 100, fam 280 za ta biya. Ba kuɗin da zai hana ta barci ba ne. Abin da ke hana barci shi ne a yi shekara uku ba a faɗa ba, wasiƙa ta iso da tara da kuɗin ruwa a kai.

Kayan gida ma akwai inda haraji ke shafarsu, sai dai sama sosai. In ka sayar da abu guda na kanka a kan fiye da fam 6,000 kuma ka ci riba, harajin ribar kadara na iya hawa kansa. Motar hawa ba ta ciki. Amma gwal yana ciki, kuma wannan ya shafi iyayenmu mata da 'yan'uwa mazauna can, ganin yadda farashin gwal ya yi tashin gwauron zabi. Saitin sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, in mutum ɗaya kika sayar wa, ko da ɗaya bayan ɗaya ne, abu guda ake ɗaukarsa, ba a yarda a rarraba shi don a kauce wa iyakar ba. Ribar ake dubawa, tsakanin yadda kika saya, ko darajarsa ranar da kika gada, da yadda kika sayar, kuma fam 3,000 na farko na irin wannan riba a shekara an yafe shi. Rasit ɗin mai gwal da aka cusa a ƙasan akwati ranarsa ke nan.

Yanzu ga maganar da na fi son iyaye su isar wa 'ya'yansu. Ɗalibin da ke Birtaniya da bizar karatu an yarda ya yi aikin albashi na wasu sa'o'i, galibi 20 a mako lokacin karatu ga 'yan jami'a. Amma an hana shi sana'ar kansa, an hana shi kasuwanci. Sayar da littattafanka da rigar sanyinka in za ka dawo gida, wannan rage kaya ne. Saro kaya kana sayarwa kuwa, ko kawo turaren wuta da humra da atamfa daga gida kana tallatawa, kasuwanci ne, ko da cinikin bai kai fam 1,000 ba. Rangwamen nan na mai haraji ne, jami'in shige da fice bai san da shi ba. Yaro ya je neman fam 300 ya jefa bizar da aka sayar da fili aka biya cikin haɗari. Wannan ba wayo ba ne.

Wani zai ce to ni a WhatsApp nake tallata, ko a dandalin da kuɗi ba ya bi ta hannunsa. Gaskiya ne dokar kai rahoto ba ta hau kan dandalin da talla kawai yake ɗauka ba. Amma rashin mai kai rahoto bai sauke maka nauyin ba, wajibcin faɗa yana kanka tun kafin 2024. Haka kuma ɗan kasuwar da ya fake da shafin mai kayan gida don kauce wa la'adar da eBay ke ci gaba da karɓa a hannun 'yan kasuwa, ya san laifi biyu yake tarawa. Ya saɓa ƙa'idar kamfani, ya kuma tauye mai saye, don wanda ya sayi kaya ta intanet a hannun ɗan kasuwa doka ta ba shi kwana 14 ya fasa, haƙƙin da ba shi da shi a hannun mai rage kayan gida.

Ni a ganina wannan tsari ba zalunci ba ne. Mai shago a bakin titi yana biyan haya da haraji, ba daidai ba ne wanda ke cinikin da ya fi nasa daga kan kujerar falo ya ce shi tsofaffin kaya yake ragewa. Inda na ga gazawa shi ne bayani. An bar talaka ya ji labari a bakin jarida, har mai sayar da rigunan 'ya'yanta ta kwana da fargaba a kan bashin da ba a bin ta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To mu dawo gida. A Najeriya dandalin da aka fi sani da irin wannan ciniki shi ne Jiji, wanda ya fara a 2014, ya kuma haɗiye harkar takwaransa OLX a Najeriya da Gana da Kenya a 2019. Sai Facebook Marketplace, sai uwa uba WhatsApp. A nan ɗora kaya kyauta ne, ba a yankar la'ada a kan ciniki, don kuɗin ba ya bi ta hannun dandalin. Shi talla yake sayar maka, ka biya a ɗaga kayanka sama. Sai dai inda ba la'ada, ba mai tsaya maka. Ba wanda zai riƙe kuɗi har kaya su isa, ba wanda za ka kai wa ƙara. Mai sayarwa shi zai tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa da gaske, ya buɗe manhajar bankinsa ya gani da idonsa, ba ya dogara da alat ko hoton rasit ba. Mai saye kuma, musamman na waya, ya nemi kwali ko rasit, a haɗu a bainar jama'a, don wayar sata in aka bi sawunta hannun da aka same ta ake fara kamawa. Ga kuma 'yan ƙananan kuɗin da ke zubewa a hanya: naira 50 ta gwamnati a kan taransifar naira 10,000 zuwa sama, da cajin mai POS, da kuɗin mota in za a aika kayan wani gari.

Ta fuskar haraji, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, da fara aiki daga Janairun 2026. A ƙarƙashinsu naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba haraji a kansu, kuma harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da mutum ke zaune ce ke karɓarsa. Haraji a kan abin da ka samu na riba ko albashi yake, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa asusunka ba. Wanda ya sayar da tsohon firjinsa ƙasa da yadda ya saya bai ci riba ba. Wadda ke saro atamfa a Kantin Kwari tana ɗorawa a WhatsApp kuwa 'yar kasuwa ce, ko ba ta da shago.

Matsalarmu a nan ita ce cakuɗa. Asusu ɗaya ne kuɗin atamfa ke shiga, nan adashi ke shiga, nan gudummawar biki, nan kuɗin da yaya ya turo a kai wa Hajiya. Ranar da aka ce ki bambance, da me za ki bambance? Ki ware wa sana'ar asusunta daban. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar sari da kuɗinsa, da ranar sayarwa da kuɗinta, har da na ɗan acaɓan da ya kai kayan tasha. In mai shago bai ba da rasit ba, hoton taransifar da kika yi masa ma shaida ce, ki adana shi wani wuri da ba cikin wayar kaɗai ba.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)